Ƙofar da Aka Sa wa Sunan Hamma Buba

Daminar bana ce ta tara tun da muka rasa yayana, Hamma Buba. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, kuma ban iya ɓoye abin da ke raina ba, saboda haka masu karatu ku yi haƙuri da ni.

Malami ne a wata sakandaren gwamnati da ke bakin garin Jalingo, kuma ƙararrawar makarantar a hannunsa take. Yawancin ɗalibansa daga ƙetaren rafi suke zuwa, 'ya'yan manoma da makiyaya, Mumuye da Fulani. Ba gada a wurin. Idan aka kwana ana ruwa, Hamma ba ya taɓa ƙararrawa sai ya hau kekensa ya je mashigi ya ga ruwan da idonsa. In ya wuce gwiwa, ƙararrawa ta jira, ƙofa ta zauna a buɗe. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke, wai agogon Malam Buba rafi ne. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "To yaron ne ya cika rafin?"

Makarantar a lokacin abin tausayi ce, ba zan yi ƙarya ba. Rufi na yoyo, tagogi babu marfi, awaki na kwana a aji. Hamma ya rasu yana fatan ranar da za a gyara ta.

An kuwa gyara. Wani attajiri ɗan garin nan ya ga makarantar da jikokinsa ke karatu a wani gari na bakin teku a Ingila, ta gwamnati ce amma mai kuɗi ke ɗaukar nauyinta. Ya dawo ya shirya da gwamnati, ya karɓi tamu. Wallahi ya yi aiki. Benaye, kwamfutoci, famfo, fanka a kowane aji. Da Hamma ya gani, na san sai ya yi kuka don murna. Sai dai mutumin bai bar komai a can ba. Ya kwaso har da kwat mai kauri da yara ke sawa a zafin Jalingo, har da ƙofar ƙarfe mai rufe kanta da lantarki da zarar lokaci ya yi, har da dokar cewa wanda ya yawaita makara a sallame shi. Tsofaffin ɗalibai suka roƙa a karrama malaminsu, sai aka rubuta sunan Hamma a saman ƙofar. Ranar na yi guɗa har muryata ta dushe.

Autarsa, Aisha, tana ƙarama ya bar ta. Tana zaune da mahaifiyarta a ƙetare, a gidan da ya gina. Ta ci jarrabawar shiga da ƙoƙarinta, ba wanda ya yi mata hanya. Rani duka ba ta makara ba. Damina na sauka, sai ta riƙa isowa takalmi a hannu, siket a jiƙe, ta tarar ƙofa ta rufe. Na ce ta dawo wurina a unguwar Barade, cikin gari, uwar ta ce wa zai taya ta zama, ga ciwon ƙafa. Kafin mu gama shawara aka sallami yarinyar.

Na je wurin sabon shugaban makarantar. Mutum ne mai ladabi, har ruwan sanyi ya sa aka kawo mini.

"Hajiya, doka ce, ba ni na yi ta ba," in ji shi. "A can Ingila ma ana ruwa, kuma yara ba sa makara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a can ninƙaya suke yi su zo?"

Na ce ya fita ya karanta sunan da ke kan ƙofarsa, 'yar mai sunan ce ya kora. Ya ce ya sani, kuma abin ya dame shi, amma in ya ɗaga wa ɗaya sai ya ɗaga wa kowa. Na ce ai abin da mai sunan ke yi ke nan. Na fito ban sha ruwan ba.

Ba Aisha kaɗai ba ce. Ku tsaya bakin makarantar da safe ku gani, motoci da babura ne ke sauke 'ya'yan ma'aikata. Yaran ƙetare sun ragu har ba ka ganinsu. Sakamakon jarrabawa ya yi kyau, ana ta yabo, ni kuwa takaici ke cina.

Yanzu Aisha tana koyon ɗinki a unguwar Majidaɗi. Hanyarta ta gaban makarantar take bi, amma na lura in ta kusa sai ta tsallaka ɗaya gefen titi, ta sunkuyar da kai. Rannan na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Goggo, ba na son ganin sunan Baba a rufe."

Abin da ya rage na Hamma a wurin ke nan, haruffa a kan ƙarfe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ku kuma masu makaranta, roƙona ɗaya ne: ranar da aka kwana ana ruwa, ku buɗe ƙofar nan, in kuwa ba za ku iya ba, ku cire sunan yayana.