Maganin Baba Hudu da Maƙwabtansa

Har in bar aikin jinya ba zan manta da ranar da Baba Hudu ya dawo asibitinmu na Dutse tun lokacinsa bai yi ba. Manomi ne daga wani ƙauyen Buji, ciwon baya ya daɗe yana cinsa, shekara da shekaru yana kan tiramadol. Ƙa'idarmu a kan irin wannan magani ita ce a ba mutum na wata guda, ba ƙari sai likita ya sake ganinsa, domin jiki yana sabawa da shi. Baba kuwa wata bai yi nisa ba ya ce nasa ya ƙare.

Abokan aiki suka fara ƙus-ƙus, wai tsoho ya zama ɗan ƙwaya, a yanke masa. Ni kuwa na san halin wanda aka yanke wa lokaci guda: ga ciwo, ga rawar jiki, ƙarshenta ya faɗa hannun masu sayarwa a tasha.

Dakta Rabi, babbar likitar sashenmu, mace ce da ko gobara ake ba ta gaggawa. Ta jawo kujera kusa da shi. "Baba, ku kaɗai kuke sha?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, kaka ce ta yi, ana ta girbi. Maƙwabcina ya zo dafe da ƙugu, ya san ina da magani. Da wane baki zan ce babu?" Ashe duk mai ciwon gaɓɓai a unguwarsu Baba ne likitansa, shi kuma ya kwana yana juyi. Tausayinsa ya kama ni.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna masa cewa abin da jikinsa ya saba da shi yana iya sumar da wani. Ta mayar da shi karɓar kaɗan-kaɗan, ta haɗa shi da masu gashin ƙashi, za a riƙa rage masa a hankali. Sannan ta ce, "Duk wanda ya roƙe ku, ku ce ni na hana, kuma ya zo ina nemansa."

Da ya dawo, sai ga shi da tsofaffi cike da benci. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ko abinci ba ta tashi ci ba, kuma babu wanda ya buƙaci tiramadol. Da za su tafi Baba ya ce min, "Malama, jiya an roƙe ni na hana, kuma da asuba mun gaisa lafiya lau."

Ranar na gane cewa in ka rubuta wa mutumin ƙauye magani, har da maƙwabtansa ka rubuta wa.