Jiƙaƙƙiyar Shinkafar Maharazu

Maharazu manomin shinkafa ne a Kura, mutum mai natsuwa, sai fa in taɓin hankalinsa ya motsa. Barci ya guje shi, hannu ya buɗe, har jakin maƙwabci sai ya yi wa alkawarin wayar salula. Wata shekara kuɗin kaka kaf a teburin mai shayi suka ƙare, ba na taki, ba na magani.

Da ya samu sauƙi, kaka ta sake zagayowa, ya kai buhunan shinkafarsa wajen yayarsa Sa'a mai turara shinkafa. Ya ce, "Yaya, in kin ga na fara surutu, ki jiƙa ta."

Watarana ya zo, bakin nan kamar rediyo, ga dillali a bayansa, ya tarar da shinkafa tsundum cikin ruwa. Wa zai sayi jiƙaƙƙiya?

Sa'a ta ce wa ƙaninta, "Ranka ya daɗe attajiri, a bari ta bushe. Kafin nan raka ni asibitin Dawanau."

Ya bi ta yana mita, likitocin ƙwaƙwalwa suka kwantar da shi. Da aka sallamo shi, buhunansa na nan cif, na magani da na taki. 'Yan teburin shayi kuwa, bana kowa ya biya nasa.