Baba Mai Kwano da Buhu Arba'in ɗin da Ya Hana Lodawa

Buhun siminti ɗari biyu. Gangar mai goma sha biyu. Injin niƙa ɗaya, katako sittin, fasinja hamsin da uku, har da ni. Muna tsakiyar kogi iska ta taso. Jirgin ya karkata, mata suka ɗauki salati, saura yatsa huɗu ruwa ya shigo. Sai ya daidaita. Wallahi ya daidaita!

Wanda ya tsara lodin ba ya cikin jirgin. Yana can tasha, Baba Mai Kwano ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya, kullum da sassafe zai shiga jirgi tun babu kaya, ya ajiye kwanon ruwa a tsakiya, ya zauna. 'Yan dako na shigo da kaya, shi ruwan yake kallo. Da ruwan ya karkata hagu sai ya ce, "A mayar da buhu goma dama." In an gama, ya leƙa waje ya auna bakin jirgi da tafin hannu. Na yi shekara shida a ƙasar waje ina koyon lissafin nauyi kafin a ba ni kula da tashar nan. Sau uku na gwada shi da na'ura, sau uku ya riga ni.

A safiyar ranar da iskar nan ta taso mana, Alhaji mai jirgin ya so a ƙara buhu arba'in.

"Baba, jirgina ne ko naka?"

"Naka ne, Alhaji. Kogin ne ba naka ba."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Alhaji ya ce, "Yau fa za ka ajiye aiki, mene ne naka a ciki?"

"Shi ya sa. Ba zan rufe aiki da jana'iza ba."

Baba ya zauna a kan katakon shiga, ya miƙe ƙafa, har aka kwance igiya ba a ƙara buhu ko ɗaya ba.

Garin nan a bakin ruwa yake cin abinci. Magini, direba, mai sayar da abinci a bakin tasha, kowa jirgi yake jira. In jirgi ɗaya ya kife, sai kasuwa ta yi mako a kwance, ban da gidajen makoki. Kai ne ka hana, Baba, ba sau ɗaya ba, ba kuma wanda ya taɓa tafa maka. Gagara-lallashi, mun gode! Duk mai aikin da ya san inda haɗari yake, ya koyi zaman nan naka.

Washegari na tara masu jirage a ofis. Kowa da ƙorafinsa: a kawo matashi mai sauƙin kai a madadin Baba. Na tashi na rufe ƙofa.

"Baba ne zai zaɓi magajinsa," na ce. "Kuma daga yau, in mai lodi bai ce a tafi ba, babu jirgin da zai bar tashar nan."