Yadda Ƙamus Ya Koya wa Matarsa Turanci

Tun yana saurayi ake ce masa Ƙamus, shi kuma a haukansa yabo ne. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar gama sakandare, ya ce masu maki ne ba su kai su gane Turancinsa ba. Ya gwada aikin buga takardu a wani shago, aka sallame shi, don in ka ba shi wasiƙa mai layi huɗu sai ya cusa mata kalmomin da kai mai wasiƙar ba ka taɓa ji ba. Da ya rasa inda zai dafa, sai ya share ɗakin ƙofar gida, ya jera benci uku, ya shafa wa bango baƙin fenti. Shi ke nan, an zama malamin lesin.

Koyarwar tasa ɗaya ce tak. Yana da wani tsohon ƙamus mai kauri, bangon ya tafi, an ɗaure shi da roba. Ya yi imani Turanci kaf yana ciki, saboda haka a fara daga shafin farko a bi a jere. Kalma ashirin kullum, a kwafa, a rera, a haddace. Ba karanta labari a amsa tambaya, ba haɗa jimla, ba duba tsofaffin takardun jarrabawa. Wannan, in ji shi, aikin malalata ne. Ɗalibai su yi wata biyu su gudu suna harafin B, sababbi su zo, a koma A. Shekara goma sha ɗaya ana wannan shirme, shi kansa babu wanda ya taɓa ganin ya buɗe tsakiyar littafin.

Matarsa ce ke zaune a teburin kati na wani ƙaramin asibiti. Da goge-goge ta fara, aka ga natsuwarta da kyan rubutunta, aka ɗora ta a kujerar. Shekara shida ba a taɓa neman fayil an rasa ba. Kwatsam sai ga takarda daga sama: duk mai aikin tebur da ba shi da kiredit a Turanci, ya kawo kafin ƙarshen shekara, ko ya koma inda ya fito. Jarrabawa saura wata biyar.

Ta dawo gida ta same shi yana goge allo. Ta ce, "Malam, abokan aikina za su riƙa zuwa wajen wata malama bayan an tashi. Tsofaffin tambayoyi suke bi. Ina so in shiga."

Ƙamus ya zare tabarau. "Wata malama? Ina raye? So kike unguwa ta yi da ni, a ce matar Ƙamus na yawon neman Turanci a waje?"

"Ba yawo ba ne, Malam. Kujerata nake ji."

"Kujerarki na hannuna. Ɗauko littafi."

Ta ɗauko, baiwar Allah. Kullum da yamma, ta sauke tukunya ta zauna a benci cikin sa'annin 'ya'yanta, tana rera sunan wata dabba mai cin tururuwa da na wata cutar tumaki, shi kuma yana zagaye da alli a hannu, yana jin kansa kamar shugaban jami'a. In ta ce, "To, Malam, yaya ake sa wannan a magana?" sai ya ce, "Ke dai tara bulo, gini sai daga baya."

Saura mako uku, tana harafin D, sai ga yayarta, tsohuwar nas mai baki kamar reza, da takardar jarrabawar bara a jaka. Ta zaunar da ƙanwar, ta ajiye agogo a gabanta. Labari ne na wani manomi da gada ta karye masa, da tambayoyi goma. Biyu ta ci.

Yayar ta juyo. "Malam, bismilla. Nuna mana yadda ake yi."

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Ya ga kalmomin duk ƙanana ne, amma abin da ake tambaya ya ƙi fitowa.

"Yaya, ai wannan Turancin kasuwa ne. Ya yi min arha."

"To, madalla. Amsa mana ta uku."

Ya dubi ta ukun. Ya dubi rufin ɗaki. Sai ya tuna alli ya ƙare, ya zura takalmi, bai dawo ba sai da ya tabbatar baƙuwa ta tafi.

Washegari matar ta tafi wajen malamar nan, ba ta ko nemi izini ba. Amma mako uku me zai yi wa wanda aka ɓata wa wata huɗu? Sakamako ya fito, kiredit ya kuɓuce mata da ƙiris. Abokan aikinta huɗu duk sun haye.

Da ta kawo takardar gida, mutumin naku ko kunya. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Kin gani? Kin bar hanya a tsakiya kin bi masu gaggawa. Da kin daure mun kai ko M ne, da wani zancen ake."

Ta ce, "Malam, matsa, ka tare min hanyar kicin."

Ran Litinin ta miƙa makullan durowar fayil ga wata sabuwar ma'aikaciya, ta karɓi bokiti da tsumma. Shekararta arba'in da biyar, gwiwa na damunta. Tana duƙe tana goge ƙarƙashin teburin, mai kujerar ta ɗage ƙafafu ta ce, "Anti, don Allah, katin masu ciwon suga a wace durowa yake?"

"Ta biyu daga ƙasa," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.