Ƙafar da aka bayar don gudun lakwal

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka rufe yayana Ilu a Kwaya. Mutane suna tuna shi da sandarsa da barkwancinsa. Ni kuwa in na tuna shi, wata magana ce ke taso mini, kuma na gaji da haɗiye ta.

Zamanin Nasara ne, lokacin da ake bi gari-gari ana kwasar yara a kai su lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, ko iyaye sun so ko sun ƙi. Ilu yana da shekara tara ya fara ɗingishi. Bai faɗi ba, jaki bai harbe shi ba, kullum dai gwiwa yake nunawa. Aka kira wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Aka kai wa maɗori, ya lalube, ya ce shi bai ji karaya ba, amma ya ɗaure ta da kara don kada a ce bai yi komai ba.

Ana haka sai ga masu lambar agana sun sauka garinmu. A cikinsu akwai wani ma'aikacin likita, baƙar fata, mai jin Hausa. Ya hango tafiyar Ilu, ya sa aka kwantar da shi a tabarma. Ko kallon gwiwar bai yi ba. Ƙafar ya kama ya juya a hankali, Ilu ya ƙwalla ƙara. Ya ce wa mahaifinmu, "Maigida, ciwon a kwatangwalo yake, ba a gwiwa ba. Gobe zan koma, ka ba ni shi a duba shi a likita. In ya ci gaba da taka ta, ƙafar za ta gajarce."

Baba ya ce to. Mutumin yana juya baya dattawa suka zagaye shi. Wai ai gurgu ba a kai shi lakwal. Wai Allah ne ya rufa masa asiri. Wai in aka gyara ƙafar, sunan yaro ya shiga takardar Nasara ke nan. Tir! Manya da gemunsu suka zauna suka auna ƙafar yaro da lakwal, suka ga ƙafar ce mai arha.

Da safe aka ciccibi Ilu aka saka a rumbu. Ni aka tsayar a ƙofar gida, aka koya mini abin da zan faɗa. Mutumin ya zo ya durƙusa, ya ce, "Ƙanena, ina yayanka?" Na ce an kai shi wurin kakarmu, alhali ina jin tarinsa daga cikin gero. Ya dube ni, ya dubi rumbun, ya tashi ya tafi.

Damina biyu ba a yi ba aka zo aka ɗauke ni a madadinsa. Lakwal ɗin nan da aka gudar masa, ita ta koya mini rubutun da kuke karantawa. Shi kuma ya tsufa yana jan ƙafa a gona.

Da Ilu zai leƙo yau, zai ga babura suna kai mutum likita kafin hantsi, zai ga ana ɗaukar hoton ƙashi. Zai kuma ga abin da na gani makon jiya: uwa tana jan yarinya mai ɗingishi, uban yana cewa a bari sai an cire gyaɗa. Haba jama'a, yanzu kuma wane Nasara ake gudu? Ilu da ya kan tare mace a kasuwa in ya ga ɗanta na ɗingishi, ya ce, "Baiwar Allah, a duba masa kwatangwalo," ana yi masa dariya, da wallahi ya tofar da yawu.

Bai taɓa tada mini maganar rumbu ba, ko da wasa. Ni na yi masa wanka ranar da ya rasu. Gwiwar da ba abin da ya same ta, na ƙirga tabon aska a kanta har na daina. Kwatangwalon kuwa fata sumul, ba wanda ya taɓa shafa masa ko man shanu. Allah ya jiƙan Yaya Ilu. Mu dai ban san bakin da za mu nemi gafararsa da shi ba.