Yadda Na Kulle Ruwan Gidanmu

Hutun da na gama aji biyu a jami'a, kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Na dawo Kibiya da wata tsohuwar kwamfuta wadda allonta ya fashe, na ajiye ta a kan kwabar Umma, na haɗa ta da rauta, wato na'urar intanet, da batirin sola, na jona da injin bohol ɗinmu na bayan gida. Irin wannan kwamfutar saba muke ce mata a aji. Aikinta ɗaya: ka danna waya daga ko'ina, ruwa ya taso. Ranar da ta yi aiki sai da na yi tsalle a tsakar gida har na zubar wa Umma tsaki. Don gayu ma na cire makunnin hannun da ke jikin bango na jefa a buhun tarkace. Wa ke taɓa bango a wannan zamanin?

A garkar bayan gida Baba yake rainon irin albasa, fangali takwas, wanda zai dasa a lambu. Noman raninsa duka a kan wannan irin yake. Kuma batirinmu ba wani ƙarfi ne da shi ba, in an tara ruwan gida aka shayar da irin safe da yamma, ya gama nasa.

Na sa fasuwod, na koya wa Baba, na koma makaranta Kano ina jin kaina.

Sati bai cika ba ya kira ni. Batir yana mutuwa kafin la'asar. Na leƙa ta wayata, na ga an kunna injin ya fi sau goma a yini, daga wayoyin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Baba, wa ka ba fasuwod?"

"Alhaji na maƙota ne kawai. Sai mijin yayarka."

"Na Rurum? Me zai yi da ruwan Kibiya?"

"Cewa ya yi zai gwada ya nuna wa abokansa."

"Baba, sirri ne fa!"

"Kai, rufe min baki. Mutum ya tako har zaure ya ce ruwa yake so, in ce masa sirri ne?"

Nan na ce to, bari in nuna musu aiki. Ƙarshen mako na zo na rufe ƙofar sabar da na bari a buɗe ga duniya. Na yi wata ɓoyayyiyar hanya da ba ta karɓar fasuwod sam, sai wayar da na sa wa makulli da hannuna, kuma ba a sa makullin sai mutum yana cikin gidan. Waya biyu kacal, tawa da ta Baba. Abokaina suka ce na haɗu. Ni ma na yarda.

Ashe aiki na ɗora wa kaina. In Baba ya fita gona, duk wanda ya zo ɗiba sai Umma ta ce a kira ɗan Kano. Ina lakca waya na kuka a aljihu. Ina layin abinci, ina alwala, ina barcin rana. Alhaji ba ya ko sallama sosai.

"Ɗan boko, a sako mana."

"Alhaji, ina aji ne wallahi."

"To ai da yatsa kake yi, ba da baki ba."

In danna a ƙarƙashin benci, in manta in kashe, tanki ya yi ambaliya, Umma ta kira ta wanke ni tas. Na gaji iya gajiya. Wani lokacin ina kallon wayar tana haske in kife ta kawai.

Sai makon jarrabawa. Wayar Baba ta fara ɗaukewa, ya kai ta wajen mai gyara a Rano, shi kuma ya goge komai da komai, har da makullin. Baba bai damu ba, ai akwai ni. A ranar kuma rautar ta sandare. Na danna, na sake dannawa, shiru. Na ce Umma ta zare wayar wutar rautar ta mayar. Ta ce akwai wayoyi sun kai shida a bayan kwabar, duk baƙaƙe, ba za ta taɓa abin da zai ja ta ba. Makunnin hannu kuwa ko ni ban san inda buhun yake ba.

Kwana biyu ina da jarrabawa safe da yamma. Ina rubutu ina ganin fangulan nan a kan takarda. A rana ta uku na miƙa takardata na wuce tasha ko ɗaki ban koma ba. Motar ta ƙi cika, muka zauna muna gumi har azahar ta wuce.

Da na isa ban shiga gida ba, garka na zagaya. Fangali huɗu sun kwanta, sun yi ja kamar an babbake. Huɗun da ke kusa da danga kuwa kore shar, ƙasarsu jiƙe. Gefe ga jarkoki a kan baro, ga Alhaji zaune a kan dutse ya naɗe ƙafar wando, yana haki. Shi da Baba suka yi ta turo ruwa daga rijiyar masallaci tun shekaranjiya, mutanen da kowannensu ya haura sittin.

Ya ɗago ya kalle ni. "A'a, injiniya. An sauka lafiya?"

Na durƙusa na gaishe shi.

Gyaran ko minti biyu bai kai ba. Na zare, na mayar, fitila ta kawo, injin ya tashi. Baba yana tsaye a bayana har ya ji ruwa yana zuba a tanki. Sannan ya ce in nemo makunnin nan in mayar inda na gan shi kafin magariba. Na ce to. Ya miƙo min wayarsa na sa makulli. Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya ciro wata, mai fasasshen murfi ɗaure da kyauro.

"Ta Alhaji ce. Sa masa."

Na buɗe baki zan yi bayanin batir. Na tuna rabin lambun da ba za a dasa bana ba, da rabin da za a dasa. Na karɓi wayar na zauna a bakin ƙofa na sa masa.