Kiɗan da Aka Yi wa Hayaƙi

A farkon shekarun casa'in ina aji huɗu a sakandare, ɗan wani manomi a ƙasar Kiru, yaro mai shiru-shiru wanda malamai ke yabo don ba ya damun kowa, ba don ya fi kowa ƙoƙari ba. Mahaifinmu yana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa: kada ƙafar ɗansa ta taka inda ake kallo. A wajensa talabijin da caca uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

To a Kafin Maiyaƙi, inda ake aikena da wake ranar kasuwa in muna hutu, akwai wani mai gyaran rediyo da ya samo na'urar wasa daga Kano, irin wadda ake jona wa talabijin a cusa mata kaset. Da batirin mota yake kunna ta. Samari na bin layi don su sa wani ɗan mitsitsin mutum ya yi ta tsalle. Ni ban taɓa karɓar abin dannawar ba, kiɗan ne ya kama ni. Muryoyi uku ne, ɗaya na gudu a sama, ɗaya na biye da ita, ɗaya na gurnani a ƙasa, sai wani huci kamar ana sheƙar gero a madadin ganga. Nakan tsaya a bakin taga har masu sayen wake su gaji da nemana.

Sai kiɗan ya biyo ni gida. Ina noma ina yi, ina cin tuwo ina yi, kuma ba shi da kalmomi balle a ce yaro ya koyo waƙa. Ta hanci nake fitar da shi, ina kaɗa yatsu uku a gwiwa don kada muryoyin su cakuɗe mini. Mahaifiyata ta fara tambayar ko na bi ta gindin tsamiyar rafi da tsakar rana. Da mahaifina ya zaunar da ni ya tambayi inda na ji wannan abu, tsoron duka ya sa na ce ban sani ba, haka kawai yake zuwa mini. Wannan amsa ita ta gama da ni.

Na sha rubutu, na sha hayaƙi har idona ya yi ja, jan idon kuma aka ɗauke shi a matsayin ƙarin shaida. Hutu ya ƙare aka hana ni komawa makaranta. Daga ƙarshe aka yanke shawarar kai ni wajen wani mai magani can wajen Riruwai, in zauna har abin ya sake ni, ko da shekara za a yi. Karatuna ke nan zai tafi ina ji ina gani, amma na kasa buɗe baki, domin yanzu laifin ya zama biyu, kallo da ƙarya.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta zo daga Bebeji ta duba ni kafin tafiya. Ta sa aka bar mu mu biyu, ta ce in yi mata abin. Na yi. Ta ce in sake. Sai ta ce ta ga masu iskoki da yawa a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin wanda kiɗansa ke kaiwa ƙarshe ya komo farko tiryan-tiryan babu kuskure ba. Ta ce wannan koyo aka yi, in faɗa mata a wurin wa. Na faɗa ina kuka. Ranar kasuwa ta yafa mayafi ta sa ni gaba har shagon. Samari suka watse kamar sun ga hukuma. Ta gaisa da mai gyara, ta tambayi iyali, ta zauna a benci ta ce a kunna mata. Da ta ji ta ƙoshi, ta ce kiɗa dai kiɗa ne, sai dai makaɗin yana fama da mura.

A gida ta kira mahaifina da sunansa na yarinta, wanda ba mai iya furtawa sai ita, ta shaida masa cewa aljanin ɗansa da batirin mota yake aiki, kuma idan ya ɗaga hannu a kaina ya tuna ita ta goya shi. Ban sha duka ba. Ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice, amma na koma aji.

Yau ina koyarwa a Tudun Wada. In na sami sarari nakan buɗe wata manhaja a kwamfuta da ake kira tiraka, inda kake dasa sauti gurbi-gurbi a layuka kamar mai shuka a kunya, su gangaro su zama kiɗa irin na wancan zamani. Duk sanda na zauna a gabanta sai na yi wa Gwaggo addu'a, Allah ya jiƙanta.

Yara, gaskiyar da kuke tsoron faɗa ba ta kai zafin abin da shirunku zai jawo ba. Iyaye kuma, ku tsaurara doka, amma ku bar wa yaro ƙofar da zai shigo ya amsa laifi. Ni na samu mai buɗe mini ita daga waje. Ba kowane gida ne ke da irin wannan tsohuwa ba.